Rimot ya ƙi buɗe mota: dan Allah a daina saurin yanka waya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a, Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka. Ni sana'ata wayarin ɗin mota a nan Kano, kuma abin da yasa na rubuto shine wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da santaral lok, wato lok ɗin da yake kulle duka ƙofofi a lokaci ɗaya, da rimot ɗin mota. Yanzu kusan duk motar da ake shigo da ita, ta Kwatano ce ko ta Legas, da rimot take zuwa, wasu ma ba'a zura makulli sai dai a danna, amma har yau yadda muke gyaran abin bai wuce na zamanin Fijo 504 ba. Mota zata zo gareji ta riga ta bi hannu biyu ko uku, an fige wayoyin ƙarƙashin sitiyari an naɗe da salatif, an zare soket an bari yana lilo, wani ma an sa shi ya sayi birenbos, wato akwatin da yake sarrafa na'urorin mota, sukutum, kai kuma kana dubawa sai kaga asalin ciwon batirin rimot ne ya mutu ko fis ɗaya ya ƙone. Gyaran gangar auzinawa kenan. Laifin kuma na kowa ne, da mai motar da yake so a gama masa yanzu-yanzu yana tsaye yana duba agogo, da mu masu gyara da muke jin nauyin cewa Alhaji ban gano ba tukuna, bani lokaci.

Ni abin da nake so jama'a su gane shine matsalar lok ita da kanta take nuna inda take, in dai an tsaya an lura kafin a ɗauko filaya. Tambaya biyu ce kawai a farko. Ƙofa ɗaya ce ta ƙi ko duka? Sannan in ka shiga ciki ka danna maɓallin lok ɗin da yake jikin ƙofar direba yana aiki ko shima shiru? In na cikin yana kulle duka ƙofofi lafiya lau rimot ne kawai baya ji, to wallahi babu abin da ya kai mutum kwance ƙofa ko taɓa wayarin, maganar tana tsakanin rimot da abin da yake karɓar saƙonsa a cikin mota. In kuma daga rimot har maɓallin ciki duk shiru, babu ko ƙas, sai a nufi akwatin fis da rile da wutar da take shiga. In ƙofa ɗaya ce take gardama sauran suna bin umarni, ciwon yana cikin wannan ƙofar, ba ruwan birenbos.

Bari in fara da rimot tunda shi ya fi kawo mutane. Batirin nan mai kama da kwabo volt 3 ne, kuma lambar da ke jikinsa girmansa take faɗa, CR2032 faɗinsa milimita 20 kaurinsa 3.2, CR2016 faɗi ɗaya ne amma kaurinsa rabin wancan. Makullin Honda Accord da ake kira EOD da Discussion Continue CR1616 yake ci, na Camry Muscle mai zurawa CR2016, mai dannawar kuma CR1632. Sai kaga mutum ya je shago babu lambarsa an bashi wanda ya fi siriri ana cewa ai duk ɗaya ne, ya sa yana rawa a ciki, yau ya yi gobe ya ƙi. Wanda ya fi ban haushi shine masu haɗa 2016 guda biyu su cike gurbin 2032 ɗaya saboda kaurin ya zo daidai, to volt 6 ka ɗura wa abin da aka yi shi don 3, sai dai in dama rimot ɗin mai cin biyu ne daga kamfani. Sannan batirin jabu ya cika gari, sabo fil a kwali amma sati biyu ya kwanta. Sabo mai kyau in ka ɗora mitar auna wuta zaka ga ya ɗan haura 3, in kaga ya sauko wajen 2.8 to ya fara sallama. Alamarsa ma a fili take, da daga bakin masallaci kake buɗe motarka, yanzu sai ka zo jikinta ka danna sau uku.

In an sa batir mai kyau bai tashi ba a buɗe shi a duba cikinsa da kyau. 'Yan ƙarafan da suke riƙe batirin suna buɗewa ko su yi tsatsa saboda gumi da ruwan alwala, mu da makulli baya rabuwa da aljihu, wani ma har wanki ake haɗawa da shi. Maɓallan da ke kan allon kuma dalmarsu tana sakewa saboda faɗuwa da kuma masu danna shi da ƙarfin tsiya. Wannan aikin mai gyaran waya na bakin titi ma zai yi maka shi, ya wanke allon ya ɗana dalma, shikenan. Kuma dan Allah a daina haska rimot a kyamarar waya ana cewa bai kawo wuta ba ya mutu, wannan dabarar ta rimot ɗin talabijin ce da wasu tsofaffin makullai masu aiki da haske, na yawancin motocinmu da igiyar rediyo yake aiki, kyamara bata ganinta. Masu yanka makulli na zamani suna da ɗan abin gwaji da zaka danna a gabansa ya nuna maka ko yana fitar da sigina da kuma lambar zangon da yake kai.

Maganar zango kuwa nan ne kuɗin mutane da yawa yake narkewa. Motar da aka yi don kasuwar Amurka rimot ɗinta a kan 315 MHz yake, ta Turai kuma yawanci 433, to mu nan duka biyun muke hawa, Corolla 'yar Amurka da 'yar Turai suna fake a layi ɗaya. Mutum zai je Ƙofar Ruwa ko Panteka ko ya yi aike Ladipo ya sayo rimot don kawai kamarsu ɗaya da nasa, a kwana ana furogiramin ya ƙi shiga, ƙarshe a ce masa ai birenbos ɗinka ne ya ƙi karɓa. Ba ƙin karɓa ya yi ba, bai ma ji shi ba sam. A juya bayan tsohon rimot ɗin, na Amurka akwai lamba da aka rubuta FCC ID, ita za'a bi a sayo mai irinta. Makullan Toyota kuma a duba jikin ƙarfen kusa da kai, wani ɗigo ne, wani harafin G, wani H, kowanne da irin cif ɗinsa, wato ɗan abin da yake ba mota izinin tashi, kuma basa shiga wa juna. Haka rimot ɗin mota mai dannawa na hannu, wanda aka taɓa ɗaura wa wata motar, sau da yawa a kulle yake da waccan sai an goge shi da na'ura kafin ya karɓi sabuwa, mai sayarwa kuma ba lallai ya gaya maka ba.

Akwai kuma abin da mutane suke cakuɗawa, rimot daban cif daban duk da gida ɗaya suke. Rimot shi ke buɗe ƙofa, da batir yake aiki. Cif shi ke ba mota izinin tashi, shi baya buƙatar batir, zoben da yake zagaye da bakin makulli ne yake bashi wuta. Shi yasa batirin rimot zai mutu amma mota ta tashi garau. Inda ake shiga uku shine wajen canza gidan makulli in ya fashe, a wasu makullan cif ɗin ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar shinkafa a maƙale a wani lungu na robar, yaro zai kwashe allo da batir ya mayar sabon gida ya watsar da tsohon da cif ɗin a ciki. Rimot na buɗewa, makulli na juyawa, mota tana kuka amma ta ƙi kamawa, ɗan jan fitilar sikiriti yana ta ƙiftawa a dashbod. Na sha ganin an sauke tankin mai an canza famfo a kan wannan. Kar ka bari a yar da tsohon gida sai motar ta tashi da sabon a gabanka.

Wata matsalar da take rikita mutane, ka danna lok ta kulle ta sake buɗewa nan take, ko ta ƙi kullewa ta yi wani dogon ƙara. Masu Fijo 406 da 307 sun san wannan sosai, har wani ya ce min motarsa aljanu gareta. Babu aljani Alhaji, motar gani take akwai ƙofar da ba'a rufe ba, kuma an tsara ta ne kada ta kulle a haka. Ka mayar da fitilar rufi kan DOOR ka rufe ko'ina har but, in fitilar ta ƙi mutuwa ko hoton ƙofa bai ɗauke daga dashbod ba to akwai suwic ɗin da yake ƙarya, a wasu motocin ɗan maɓalli ne mai roba a jikin ginshiƙi, a wasu kuma yana cikin kan lok ɗin. A bi su ɗaya bayan ɗaya ana dannawa da hannu har a kama mai laifin. Irin wannan ne da suwic ɗin da yake gane makulli na cikin mota, in ya maƙale mota zata ɗauka makulli yana jiki ta toshe kunnenta daga rimot. Amma wadda ka buɗe da rimot baka taɓa ƙofa ba bayan daƙiƙa 30 ko minti ɗaya ta mayar ta kulle, wannan lafiyarta ƙalau haka aka yi ta, kar wani ya karɓi kuɗinka a kai. Sai dai a kiyaye ajiye makulli a kan kujera a tura ƙofa.

Ƙofa ɗaya in ta ƙi, ka kara kunne a jikinta wani ya danna. In kana jin ɗan gurnani ko ƙas-ƙas amma sandar bata motsi, akcuweta ce, wato ɗan injin da yake tura lok ɗin, ko dai ƙaramar motar cikinta ta gaji ko haƙoran robar sun cinye. Toyota da Honda masu shekaru suna da wannan, kuma zafi yana tona musu asiri, da asuba ta yi aiki tsaf, da azahar in mota ta sha ranar Afrilu ta ce bata san zance ba. Ƙurar hunturu ma tana haɗuwa da tsohon giris ta daskare. Ba kullum sai an sayi kan lok gaba ɗaya ba, mai haƙuri zai iya buɗe ta ya canza 'yar motar kawai ya sa sabon giris. In kuma shiru ne gaba ɗaya babu ko motsi, kafin a zargi akcuweta a janye robar nan mai lanƙwasa da take tsakanin ƙofa da jikin mota, duk wayoyin ƙofa ta nan suke bi, kullum ana buɗewa ana rufewa suna lanƙwashewa har su karye, wani lokacin ta ciki suke karyewa bawon yana nan lafiya. Gwajin mai sauƙi ne, riƙe maɓallin kana kaɗa ƙofar a hankali, in ya kama a wani wuri ya saki a wani wuri to ka samu. Ƙofar direba ta fi yi tunda ita ta fi wahala, kuma da yake maɓallan duka a jikinta suke, waya ɗaya in ta karye a nan sai ta kashe lok ɗin mota gaba ɗaya, sau da yawa har da gilas ko madubi. Ina roƙon 'yan'uwana masu gyaran bodi da masu gilas, in kun buɗe ƙofa ku mayar da ledar nan da take manne a ciki, ba ado bace ruwa take tarewa, sannan ku mayar da 'yan kilif ɗin sanduna yadda kuka same su.

Golf 3 da tsofaffin Marsandi su nasu da iska yake aiki, famfo ne da siraran tiyo, a Golf famfon yana but. In kaji yana ta kuka ya daɗe bai tsaya ba tiyo ne ya tsage ko ya zare.

To sai birenbos ɗin da ake ɗora wa komai. Eh yana lalacewa, ban ce baya yi ba, a Fijo shine BSI, a Honda yana haɗe da akwatin fis na ƙarƙashin dashbod, a wasu ana ce masa BCM. Amma in ka bibiya mu ne muke kashe shi da hannunmu. Cire kan batir mota tana aiki wai ana gwada ko tana caji, ko a tada mota da batirin aro a zare a mayar da nata injin yana juyawa, ko mai walda ya kama aiki batir na jone, ko a juya kan waya wajen jona batir da wata motar, duk waɗannan suna aika wa na'urorin mota wutar da ta fi ƙarfinsu. Fis ya ƙone maimakon a nemo dalili sai a naɗa masa silin waya ko a cire mai 15 a danna mai 30, to abin da fis ɗin yake karewa shi zai ƙone a madadinsa. Sai ruwa, masu wankin mota da suke sa tiyo har ƙarƙashin dashbod, da magudanar gindin gilas da ganye ya toshe, ga kuma motocin gwanjo da ambaliya ta shanye a Amurka, irin ta guguwar Harvey a Texas a 2017, ana busar da su a goge a loda a jirgi, wata shida soket ya fara yin kore. Fijo kuma tana da nata hali, in zaka cire batir ka kashe komai ka bata 'yan mintuna BSI ya yi barci tukuna, in rimot ya daina ji bayan canjin batir ka zura makulli ka kunna wuta ka danne maɓallin lok na 'yan daƙiƙu, sau da yawa a nan yake dawowa ba tare da kwamfuta ba. Kafin duk wannan ma a auna batirin motar, lafiyayye da ya huta wajen 12.6 yake nunawa, in ya faɗo ƙasa da 12 ko kansa ya yi farin gari ko wayar at, wato wadda take haɗa batir da jikin mota, ta saki, lok zai yi ta hauka iri-iri.

Kwamfutar gwajin mota ma da ake taƙama da ita ba duka ce take ganin wannan ba. 'Yar ƙaramar da ake haɗawa da wayar hannu yawanci lambobin inji take karantawa, masu farawa da P, matsalar ƙofa da makulli kuma lambobinta da B suke farawa, sai babbar na'ura mai shiga ɓangaren bodi. Don an jona an ce ba'a ga komai ba, ba shine babu komai ba.

Alam da tiraka da ake ƙarawa daga baya suma suna cikin manyan masu laifi. Ban hana kowa sawa ba, halin da ake ciki na satar mota ya isa dalili, amma a kai wa wanda zai yi dalma ya rufe da kyau ya kuma nuna maka inda ya ajiye akwatin da fis ɗinsa. Motoci da yawa suna zuwa da tsohon alam tun daga waje, a nan a ɗora wani a kai, biyu suna rigima a kan wayar lok ɗaya, cikin dare mota tana buɗe kanta tana shanye batir.

Masu mota mai dannawa, musamman iyayenmu mata da suke yawan kirana hankali a tashe daga wajen biki ko asibiti, Hajiya ki kwantar da hankalinki, mutuwar batirin rimot bata hana ki tafiya gida. A jikin rimot ɗin akwai ɗan makullin ƙarfe a ɓoye, ki zaro ki buɗe ƙofar direba, in baki ga ramin ba yana ƙarƙashin murfin da ke gefen hannun ƙofa. Ki taka burki ki manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa sannan ki danna, a Toyota da Honda haka ake yi, wasu Nissan kuma rami garesu a gefen sitiyari da ake zura shi. Irin wannan rimot ɗin yana cin batir fiye da na da saboda kullum a farke yake yana sauraron motar, shekara ɗaya zuwa biyu ne, in ana ajiye shi kan talabijin ko kusa da caja ko a jaka ɗaya da waya bai ma kai haka. Cajar mota mai araha da wasu fitilun LED suna iya toshe siginar har mota ta rubuta bata ga makulli ba alhali yana cinyarka, zare cajar ka gani. Haka in a wuri ɗaya kawai take yi maka, kusa da wata eriya, da ka matsa ta dawo daidai, to wurin ne. Sannan in ka taka burki ka danna ta ƙi tashi sa wani ya duba ko fitilar burki tana kamawa, suwic ɗin burki in ya mutu motar bata san ka taka ba, makulli bashi da laifi.

Shi wannan makullin ƙarfen a riƙa gwada shi lokaci-lokaci ana ɗan fesa wa ramin mai. Shekaru ba'a zura komai ba ƙura ta cike shi, ranar da batirin mota ya kwanta rimot ba zai yi ba, makulli ya ƙi juyawa, sai a koma zura waya ta saman gilas ana ɓata roba. Wani ma sai ranar yake gane ƙarfen da aka bashi ba na ƙofar bane sam, an canza kan makulli tun a waje.

Abin da yasa nake ganin maganar ta wuce ta jin daɗi, lok ɗin da baya aiki hatsari ne. Ɓarayi suna da na'urar da take danne siginar rimot, ka danna ka juya ka shige banki ko kasuwa kana ganin ka kulle alhali a buɗe take, don haka ka ji ƙarar kullewa kaga fitila ta ƙifta sannan ka ja hannun ƙofa, har na baya, tunda akcuweta ɗaya tana iya mutuwa ka yi wata kana barin ƙofar a buɗe baka sani ba. Wanda ya fi wannan ciwo shine yara. A Disambar 2021 yara 8 aka samu sun rasu cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas, Allah ya kiyaye na gaba. Motar da aka jingine a ƙofar gida ko a lungu lok ɗinta ya lalace yaro zai iya shiga ya ja ƙofa, in lok ɗin yara na ƙofar baya a kunne yake ko hannun ciki ya karye ba zai iya fita ba, ga zafin garin nan. Duk mai irin wannan motar ya kulle ta da makulli ƙofa-ƙofa ya tabbatar, har but.

Kirana na ƙarshe ga shugabanninmu na ƙungiyar masu gyaran mota ta NATA, a taimaka a riƙa shirya wa yaranmu bita kan karanta zanen wayarin da aiki da mita, yaro ya iya auna waya kafin a bashi reza. Dillalai kuma dan girman Allah ku riƙa ba mai saye makulli biyu, mai saye shima ya gwada kowanne a ƙofa da wajen tayarwa kafin ya biya. Wanda yake da guda ɗaya tal ya je ya yi na biyu tun na hannunsa yana aiki, ƙara makulli a kan mai rai aiki ne na ɗan lokaci, amma in duka suka ɓata a wasu motocin sai an kwance na'ura an goge ta, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa. Masu tsofaffin Toyota su duba ma wanne ne a hannunsu, baƙin shine uban makulli, mai ruwan toka na ba yaro ne, yana tada mota amma ba'a ƙara wani da shi cikin sauƙi.

Na gode Malam Edita da wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani mai wayarin ɗin mota, daga Kano